Me ya sa yaronki ke rubuta 41 in an ce masa 14?

 Makon jiya wata maƙwabciyata ta shigo mini da littafin ɗanta mai shekara biyar, ranta a ɓace. Malama ta yi musu shifta da Turanci, ta ce su rubuta 13, 14 da 15, shi kuwa ya rubuta 31, 41 da 51, aka zabga masa jan biro daga sama har ƙasa. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne yaron yana rera ƙirga har hamsin ba gargada. Ta fara tunanin ko kansa ne ba ya ja.

Na ce ta kwantar da hankalinta, yaron ya rubuta abin da kunnensa ya ji ne. Idan an ce “fourteen”, huɗu ce ke fara fita daga baki, goma ta maƙale a wutsiya. Shi kuma ya saba fara rubuta abin da ya fara ji. “Eleven” da “twelve” kuwa ko ƙanshin goma babu a cikinsu, sai dai hadda. Ga kuma “thirteen” da “thirty”, waɗanda ko babba sai ya kasa kunne kafin ya raba su, balle yaro a aji mai hayaniya.

A nan ne Hausa ta yi mana gata, mu kuma muke watsar da shi. Mu nan da muke zaune nesa da gida, yaranmu na makarantun da Turanci ake yi tun daga nazare, sai muka ɗauka ƙirga da Hausa zai rikita su. Ki faɗi 14 da Hausa ki saurara: goma sha huɗu. Goma ta fara zuwa, huɗu ta biyo, daidai yadda ake rubuta ta daga hagu zuwa dama. Yaron da ya san cewa 1 ɗin da ke gaba goma ce ba zai mayar da ita baya ba. Sai dai mu manya mun saba guntule ta, mu ce “sha huɗu” kawai. A kasuwa ba laifi, amma da yaro mai koyo ki riƙa faɗinta cikakkiya. Haka ma irin ƙirgar kakanninmu ta “ashirin ba ɗaya” a maimakon 19, a ajiye ta sai ya ƙara wayo.

Kada rerawa ta ruɗe ki. Yaro na iya jero lambobi kamar waƙa bai san yawan abin da suke nufi ba. Ki zuba murafan kwalba a tire, ki ce, “Ba ni goma sha uku.” Idan ya ɗebo da hannu biyu ya miƙo miki, ko ya ƙirga yana taɓa murfi ɗaya sau biyu, ko ya gama ki tambaye shi nawa ne ya koma farko, to rubutu bai yi ba tukuna.

Abin da na fi yarda da shi ba ya cin ko kobo. Ki karyo tsinkayen tsintsiya, shi da kansa ya ƙirga goma, ku ɗaure da roba. Wannan dami sunansa goma. Ki ajiye shi a hagu, ki sa tsinke ɗaya a dama: goma sha ɗaya. Ki ƙara wani: goma sha biyu. Ranar da ya daina kwance damin don ya sake ƙirgawa, ya ɗora hannu a kansa ya ce “goma”, sannan ya ci gaba, ranar ce ya gane. Wani yaron kwana uku ya ishe shi, wani sai ya yi makonni. Ku tsaya a 11 zuwa 15 har su zauna. Minti biyar kafin tuwo ya sauka ya fi awa guda ta kuka.

Sai rubutu. Ki yanki kwali biyu, ki rubuta 10 a babba, 3 a ƙarami. Ki ɗora ƙaramin a kan sifiri, 13 ta fito. Ki ɗaga, ga goma nan a ɓoye. Yara na son wannan kamar wasan ɓuya. Daga nan ya zana da yatsa a ƙasa ko a tiren gari kafin ya riƙe fensir, yana faɗi da Hausa tukuna, sannan ki ba shi sunan Turancin. Ba ki hana shi Turanci ba, kin ba shi wurin rataye shi ne.

Ki kuma tuna da Islamiyya. Larabci ma, kamar Turanci, yana fara ambaton uku kafin goma a 13. Sannan biyar ta rubutun Larabci zagaye ce kamar sifirin boko, don haka 15 da ke saman shafin Alƙur'ani na iya zame masa 10. Ki nuna masa su gefe da gefe, ki ce wannan ta malam ce, wannan ta anti.

Sauran kuma a cikin gida suke: 11 da 12 a agogon bango, ranakun kalanda, yawan azumin da aka kai, ranakun 13, 14 da 15 ga wata da Baba ke azumtarsu.

Tunda filin lafiya ne, abu biyu. Murfin kwalba, wake da ƙwallon dabino na iya shaƙe ƙanensa da bai kai shekara uku ba, ko ya cusa a hanci, don haka a kwashe su da an gama. Juya lamba kuma abu ne da aka saba gani ga ɗan shekara biyar ko shida, duka ba ya gyara shi, sai dai ya sa masa tsoron lissafi. Amma idan ya haura shekara bakwai abin bai ragu ba duk da koyarwa, ko yana matse ido in ya kalli allo, ko kunnensa na yawan zubar da ruwa, ku kai shi asibiti a duba gani da jinsa, ku kuma zauna da malamarsa.

Ɗan maƙwabciyata dai jiya ya kawo mini dami ɗaya da tsinke biyar, ya ce in canki ko nawa ne. Tsintsiyar uwar ce ta tafi.