Takardar Kiɗa da Akwatin Mai Tarawa

A shekarar 1903 wani makaɗin fiyano Baƙar Fata ɗan ƙasar Amurka, mai suna Scott Joplin, ya kammala wani dogon wasan kwaikwayo na waƙa da kiɗa wanda ya raɗa wa suna A Guest of Honor. Ya tara 'yan wasa, suka shiga zagayen garuruwa suna nunawa. Tafiya ba ta yi nisa ba aka sace kuɗin da suka samu, ya kasa biyan kuɗin masauki, kuma masana tarihinsa suna ganin a nan ne aka riƙe masa akwatunansa har da rubutun wasan. Ya riga ya aika wa ofishin haƙƙin mallaka da ke Washintan takardar neman rajista, amma kofen kiɗan bai isa can ba. Har yau babu wanda ya ga ko shafi ɗaya na wannan aiki.

Shi wannan Joplin shi ne ya tsara Maple Leaf Rag, wanda John Stark ya buga a garin Sedaliya na jihar Misuri a 1899, kuma ana kaɗa shi har gobe a duk inda fiyano yake. Wasansa na biyu, Treemonisha, da ya rasa mai buga masa, sai ya buga da kuɗin aljihunsa a 1911. Ya rasu a 1917 bai ga an nuna shi yadda ya kamata ba, amma da yake kofe ya bazu, an iya tayar da shi a birnin Atlanta a 1972. Mutum ɗaya, basira ɗaya, amma aiki biyu sun rayu, ɗaya ya mutu. Abin da ya raba su shi ne yawan kofe. Don haka duk wanda ya mallaki takardar kiɗa da ba ta da na biyu, ya kulle ta ya hana a kwafa, ya ɗauki alhakin da ya fi ƙarfinsa, ko da kuwa da guminsa ya saye ta.

Kafin a je ga hujja, ya kamata mai karatu ya san abin da ake magana a kai. Turawa suna rubuta kiɗa a kan layuka biyar-biyar, da ɗigo-ɗigo masu nuna tsinin sauti ko kaurinsa, da kuma tsawon lokacin da za a riƙe shi. Fiyano yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, kuma kowane ɗigo yana nuni ga ɗaya daga cikinsu. Kafin rediyo ya shiga gidaje, wanda yake son sabon kiɗa sai ya je kanti ya sayo takardarsa, 'yan shafuka kaɗan da bango mai zane, ya kawo gida a kaɗa. Salon da Joplin ya shahara da shi, wato ragtaim, yana da hannun hagu mai tafiya daidai wa daida kamar maci na soja, alhali hannun dama yana sauka a tsakanin bugu, inda kunne bai zata ba. Daga cikinsa ne makaɗan unguwar Halem ta birnin Niyok, irin su James P. Johnson da Fats Waller, suka fitar da salon da ake iya kira dogon taku, domin hannun hagu yana tsalle daga can ƙasan fiyano zuwa tsakiya ya koma, sau biyu cikin kowane bugu huɗu. Waɗannan su ne tushen fiyanon jaz.

Hujja ta farko daga ilmin haɗa sinadarai take. Takarda zare ne na selulos, wato dogayen sarƙoƙi na ƙwayoyin sukari da suka sarƙe da juna. A da can da tsumman auduga da na lilin ake yin ta, shi ya sa tsofaffin littattafan malamai na ƙasar Hausa, waɗanda aka rubuta a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, da yawansu suna nan da ƙarfinsu. Daga tsakiyar ƙarni na 19 masana'antu suka koma niƙa itace. Itace yana ɗauke da wani sinadari mai suna lignin, wanda haske da iska suke mayar da shi ruwan ɗorawa. Mafi muni kuma, don kada tawada ta malale, sai aka riƙa zuba ƙaro da alif cikin kwaɓin takardar. Idan alif ya gamu da laimar iska, a hankali yakan haifar da asid irin na ruwan batir, shi kuwa asid ya shiga yanka sarƙoƙin nan gunduwa-gunduwa. Binciken William Barrow na jihar Bajiniya a shekarun 1950 ya taimaka wajen tabbatar da cewa ciwon daga cikin takardar yake. Ma'aunin pH yana tafiya daga 0 zuwa 14, tsakiyarsa 7, kuma kowane taki ɗaya zuwa ƙasa yana nufin asid ya ninka goma. Tsohuwar takarda irin wannan takan sauka zuwa 5 ko ƙasa da haka. Ɗalibi zai iya ganin farkon lamarin da idonsa idan ya raba shafin jarida biyu, ya shanya rabi a rana mako guda, ya ɓoye rabi cikin littafi, sa'an nan ya gwada launinsu.

Kiɗan ragtaim da na dogon taku an buga su ne a tsakiyar wannan zamani na takarda mai asid. Akwai magani, domin manyan laburare suna fesa wa takardu sinadarin magniziyam mai kashe kaifin asid, suna kuma adana su a ɗaki mai sanyi marar laima. Amma maganin yana tsayar da ɓarna ne kawai, ba ya ɗinke sarƙar da ta riga ta tsinke. Mai tarawa kuwa da ke ajiya a ƙarƙashin rufin gidansa, inda zafi yake hanzarta aikin asid, yana tsammanin yana tsaron dukiya, alhali tana cin kanta.

Ba za a yi wa masu tarawa butulci ba. A lokacin da makarantun kiɗa suke raina ragtaim a matsayin kiɗan mashaya, mutane ɗaiɗaiku ne suka riƙa bin gwanjo da shagunan tsofaffin kaya suna tsinto takardun. Rudi Blesh da Harriet Janis sun bi sawun tsofaffin makaɗa, har a 1949 suka gano Joseph Lamb a unguwar Buruklin, yana aikin ofis, duniya ta manta da shi. Littafinsu They All Played Ragtime ya fito a 1950. Lokacin da Vera Brodsky Lawrence ta tattara ayyukan Joplin, waɗanda Laburaren Jama'a na Niyok ya buga a 1971, ta dogara ne ƙwarai ga kofen da masu tarawa suka ara mata. Wani kiɗan ma, Silver Swan Rag, a cikin kayan wani mai tarawa aka tsince shi. Faifan Joshua Rifkin na 1970, da fim ɗin The Sting na 1973, da lambar yabo ta Pulitzer da aka ba Joplin a 1976 bayan rasuwarsa, duk sun biyo bayan buɗe akwatuna ne.

To, amma a dubi abin da kullewa ta jawo. Rubuce-rubucen hannu na Joplin da ba a buga ba sun koma hannun abokinsa Wilbur Sweatman, kuma bayan rasuwar Sweatman a 1961 aka shiga rigimar gado, suka salwanta. Har cikin tarin 1971 an rasa kiɗa uku, ba don sun ɓata ba, sai don mai haƙƙin bugawa ya ƙi ba da izini. Sai a bugun 1981 suka shiga. Shekara goma ke nan ɗaliban fiyano suna jiran sa hannu.

Mai tarawa yakan ce idan ya bari aka ɗauki hoton takardarsa, darajarta a kasuwa za ta faɗi. Wannan tsoro ba shi da ƙarfi. Maple Leaf Rag yana cikin littattafai barkatai, amma bugun farko na Sedaliya yana da tsada, domin mai saye tsohuwar takardar yake nema, ba ɗigon da ke kanta ba. Batun doka ma ya yi sauƙi. A Amurka, abin da aka buga a wancan zamani haƙƙinsa ba ya wuce shekara 95, saboda haka a ranar 1 ga Janairu 2025 duk abin da aka buga a 1929 ya zama na kowa da kowa, kuma kowace shekara iyakar tana matsawa gaba. Zamanin ragtaim kaf ya riga ya fita daga ƙangi. Lester Levy ya nuna hanya da ya ba Jami'ar Johns Hopkins tarinsa na takardun kiɗa kusan 30,000, waɗanda yanzu ake iya duba hotunansu ta intanet kyauta.

Akwai kuma dalilin ilmi. Takarda ɗaya ba ta faɗin gaskiya duka. Masu ɗab'i sukan sauƙaƙa kiɗa don 'yan koyo na gida, musamman salon dogon taku, inda abin da ke rubuce yake zama ƙashi kawai. Sai an haɗa shi da shaida biyu: faifan garmaho, da naɗin takarda mai huji-huji wanda ake ɗora wa fiyano mai kaɗa kansa, inda iska take bi ta kowane huji ta danna maɓalli. Duke Ellington ya koyi Carolina Shout na Johnson ne ta hanyar rage gudun naɗin yana ɗora yatsunsa a kan maɓallan da suke nutsewa. James Dapogny kuma ya saurari faya-fayan Jelly Roll Morton ya rubuto kiɗansa ɗigo bayan ɗigo, aka buga a 1982. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa idan takarda tana wurin wane, naɗi yana wurin wane, kowa ya rufe ƙofarsa.

Rabawar ma tana da ladabi. Hoton kwamfuta ba ya dawwama da kansa, domin na'urori suna lalacewa, tsarin ajiya yana canzawa, saboda haka a ajiye shi wurare da dama, a kuma riƙe takardar asali. A kwafi abin duka, har da shafin baya inda masu ɗab'i suke tallar wasu kiɗan, domin daga nan ne masu bincike suke gane bugu na nawa ne. Bangon ma kada a yanke shi. Da yawa daga cikin bangayen wancan zamani suna ɗauke da zanen izgili ga Baƙar Fata, wasu a kan kiɗan da Baƙar Fata suka tsara. Abin yana da ciwon kallo, amma malamin da ya ɗora wa ɗalibansa bangon da kiɗan a gefe da gefe ya nuna musu halin da makaɗan suka yi aiki a cikinsa, da sunan kamfanin da ya buga, da shekarar da aka buga.