Sharhi: Su wane ne za su buga wa Kano Pillars a kaka mai zuwa?

Da zarar kakar wasan ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta doshi ƙarshe, magoya bayan ƙungiyar Kano Pillars sukan shiga lissafin 'yan wasan da za su zauna, da waɗanda za su tafi, da kuma waɗanda ya kamata a saya.

Ba a cikin birnin Kano kaɗai ake wannan muhawara ba. A garin Dawanau da ke ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kan hanyar Katsina, ana yin ta a rumfunan kasuwar hatsi, da teburan masu shayi, da gidajen kallon ƙwallo, inda matasa daga ƙauyukan kewaye suke haɗuwa da yamma bayan an tashi daga gona ko daga dakon buhuna.

Kowa yana da 'yan wasansa goma sha ɗaya da zai lissafa maka ba tare da ya numfasa ba.

To sai dai tarihin ƙungiyar ya nuna cewa ba ƙwarewar 'yan wasa ce kaɗai take tsara wannan jeri ba. Kuɗin gwamnati, da shekarun manyan 'yan wasa, da kasuwar ƙetare, da halayyar 'yan kallo, duk suna da ta cewa kafin mai horarwa ya ɗauki alƙalami.

Abin da ya sa hasashen ke da wuya

A wasu ƙasashe irin wannan hasashe sana'a ce mai zaman kanta. A Amurka alal misali, marubuta wasan baseball kan fitar da jerin 'yan wasan kaka mai zuwa tun ba a daɗe da kammala wadda ta gabata ba.

Dalili kuwa shi ne kowace babbar ƙungiya tana da rajistar 'yan wasa 40, waɗanda daga cikinsu ake ware 26 masu buga wasa, kuma tsawon kwantiragin kowane ɗaya da albashinsa sanannu ne. Haka nan akwai ƙananan ƙungiyoyi a ƙarƙashinta inda ake rainon matasa, ana kuma bin diddigin ci gabansu.

A gasar Firimiya ta Najeriya, mai ƙungiyoyi 20 da wasanni 38 ga kowace, lamarin ya sha bamban. Akasarin kwantiragi gajeru ne, ba a cika bayyana sharuɗɗansu ba, kuma ba baƙon abu ba ne ƙungiya ta sallami 'yan wasa da dama a lokaci guda, ta gayyato wasu gwaji.

Saboda haka mai son ya hango jerin 'yan wasan Pillars sai ya fara da duba inda aka fito.

Daga ɗaukaka zuwa faɗuwa

An kafa Kano Pillars ne a 1990, bayan haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA, da Kano Golden Stars, da Bank of the North. Gwamnatin jihar Kano ce ta mallake ta.

Ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau huɗu: a 2008 ƙarƙashin Kadiri Ikhana, a 2012 da 2013 ƙarƙashin Mohammed Baba Ganaru, sai kuma a 2014 ƙarƙashin Okey Emordi.

A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta yi waje da ita.

Ta shafe shekaru 12 ba a doke ta a gida ba a gasar ƙasa, har sai da Nasarawa United ta karya lagon a watan Agustan 2015.

A 2019 ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Shekara guda kafin nan ta zura wa Enugu Rangers ƙwallaye uku a wasan ƙarshe a Asaba, amma aka farke su duka, ta rasa kofin.

Sai kuma a 2022 ta faɗa rukuni na biyu, tare da Katsina United da Heartland da MFM, kafin ta dawo a 2023.

Abin lura a zamanin kofuna uku a jere shi ne ƙashin bayan ƙungiyar bai cika sauyawa ba. 'Yan wasa irin su Gambo Mohammed da Rabi'u Ali da mai tsaron gida Theophilus Afelokhai sun daɗe tare, har kowa ya san motsin ɗan'uwansa. Ko da aka sauya mai horarwa a 2014, kofin bai bar Kano ba.

Manyan da shekaru suka cim ma

Rukuni na farko a duk wani lissafi shi ne na tsofaffin hannu.

A kakar 2024/2025, sunaye uku ne suka fi jan hankali: Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, da Ahmed Musa, da kuma Shehu Abdullahi.

An haifi Rabi'u Ali a 1980, kuma ya ci gaba da ci wa ƙungiyar ƙwallaye bayan ya haura shekara 40, abin da ba kasafai ake gani ba a ko'ina cikin duniya. Ahmed Musa haifaffen 1992 ne, Shehu Abdullahi kuma 1993.

Amfaninsu a bayyane yake. Suna cika fili da 'yan kallo, suna kwantar wa matasa hankali a wasannin waje, kuma sun san yadda ake ƙwatar maki a ranar da wasa ya ƙi daɗi.

Amma gasar Najeriya gasa ce ta doguwar tafiya. Ƙungiyar Kano kan je Fatakwal da Aba da Legas da Ibadan, sau da yawa a mota, wani lokacin ma da wasa biyu a mako. A watan Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar 'yan wasan wuta a kan hanyarsu ta zuwa Owerri, suka raunata biyar, ciki har da Gambo Mohammed.

Jikin da ya wuce shekara 30 ba ya murmurewa daga irin wannan zirga-zirga kamar na ɗan shekara 20.

Don haka, ko sunayen nan sun sake bayyana a rajista ko ba su bayyana ba, hasashe mai ma'ana ba zai ɗora wasanni 38 a kansu ba. Babban giɓin da ke gaban ƙungiyar shi ne samun ɗan tsakiya mai raba ƙwallo, gwanin bugun tazara da na fenariti, wanda zai gaji aikin da Rabi'u Ali ya daɗe yana yi.

Matasan da ba sa daɗewa

Rukuni na biyu shi ne na matasan da tauraruwarsu ta fara haskawa. A nan tarihi yana da darasi guda: wanda ya fi cin ƙwallo shi ne ya fi kusa da ƙofar fita.

Sani Kaita ya bar Pillars zuwa Sparta Rotterdam ta Holland a 2005.

Ahmed Musa ya ci ƙwallaye 18 a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar, kuma a 2010 ya koma VVV-Venlo ta Holland. Daga can ya wuce CSKA Moscow ta Rasha, da Leicester City ta Ingila, da Al Nassr ta Saudiyya.

Shehu Abdullahi ya tafi Qadsia ta Kuwait a 2014. Junior Lokosa ya ci ƙwallaye 19 a 2018, kuma a farkon 2019 ya koma Esperance ta Tunisiya.

Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta ƙara wa lamarin ƙarfi, domin albashin da ƙaramar ƙungiya a Arewacin Afirka ko Gabashin Turai za ta biya da dala ya yi wa na gida fintinkau.

'Yan kasuwar Dawanau ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Sun saba ganin yadda riɗi da zoɓorodo masu kyau suke barin kasuwar a manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa, saboda mai saye da kuɗin waje ya fi ƙarfin mai saye da naira.

Bambancin kawai shi ne ɗan kasuwa ba ya barin kayansa su fita sai an biya. Ƙungiyar da take bai wa matashi kwantiragin shekara guda kuwa tana iya rasa shi a kyauta.

Saboda haka duk ɗan wasan gaban da ya yi fice a kaka guda, mai hasashe zai yi kyau ya rubuta sunansa da fensir.

Hannun gwamnati

Rukuni na uku shi ne na sababbin saye, kuma shi ne ya fi dogara da baitulmalin jiha.

Ƙungiyar da gwamnati ta mallaka ba ta shiga kasuwa sai an sa hannu a takardar kuɗi. Idan kuɗin ya fito da wuri, ana samun gogaggun 'yan baya da mai tsaron gida daga wasu ƙungiyoyin gasar. Idan ya yi jinkiri, sai a tarar an riga an kwashe su, a koma ga 'yan gwaji.

Sauyin shugabanci ma yana tasiri. Sabon kwamitin gudanarwa kan zo da mai horarwa nasa, shi kuma mai horarwar ya zo da 'yan wasan da ya sani. Tun bayan dawowarta a 2023, masu horarwa da dama sun riƙe ƙungiyar, ciki har da Abdu Maikaba da Usman Abdallah.

A watan Yulin 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, alhali yana cikin 'yan wasanta. Wasu sun yi maraba da matakin bisa hujjar cewa sunansa zai jawo masu tallafi da 'yan wasa. Wasu kuma sun nuna damuwa kan yadda mai horarwa zai iya ajiye shugabansa a benci.

Masu sukar tsarin mallakar gwamnati kan ba da misali da Remo Stars ta Ikenne a jihar Ogun, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, wadda ta ɗauki kofin gasar karon farko a 2025, tana kuma da makarantar rainon matasa tata. Masu kare tsarin kuwa suna tuna cewa Enyimba da Rangers, waɗanda suka ɗauki kofin a 2023 da 2024, na gwamnatocin jihohi ne.

Filin Ƙofar Mata

Akwai kuma wani abu da ba a rubuta shi a jerin 'yan wasa, amma yana iya rusa lissafin gaba ɗaya, wato halayyar 'yan kallo a filin wasa na Sani Abacha.

A watan Afrilun 2022 an cire wa Pillars maki uku bayan tarzomar da ta ɓarke a wasanta da Katsina United. A ƙarshen kakar ta faɗi.

A watan Oktoban 2025 aka sake kwatawa a wasa da Shooting Stars ta Ibadan. Hukumar gasar ta cire mata maki uku da ƙwallaye uku, ta ci ta tarar naira miliyan 9.5, ta kuma mayar da wasanninta na gida zuwa Katsina.

A gasar da cin wasa a waje yake da matuƙar wuya, rasa filin gida babbar asara ce. Ƙwararren ɗan wasan da ake zawarci ma yakan duba wannan kafin ya sa hannu.

Sabuwar ƙofa ga yaran karkara

Ga matasan Dawanau da maƙwabtansu, wani sabon al'amari ya shigo lissafin. A 2025 ƙungiyar Barau FC, mallakar Sanata Barau Jibrin, wanda aka zaɓa daga mazaɓar Kano ta Arewa da ta haɗa da Dawakin Tofa, ta samu hawa gasar Firimiya.

Wannan ya nuna cewa Pillars ba za ta ci gaba da ɗauka duk yaron Kano mai hazaƙa nata ba ne. Jihar ba ta rasa irin waɗannan yara ba, kamar yadda gasar matasa ta kofin Ramat da ake yi a Kano take nunawa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne masu zagayawa filayen ƙauye su zaƙulo su, da kuma rajistar da ta dace.

Rajistar tana da muhimmanci. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin domin ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ƙaramar ƙungiyar da ba ta da takarda ba ta da rabo.

Yadda jerin zai iya kasancewa

Idan aka haɗa waɗannan duka, ana iya cewa ƙungiyar kaka mai zuwa za ta ƙunshi ɗaya ko biyu daga cikin tsofaffin hannu a matsayin jagorori, da mai tsaron gida da 'yan baya waɗanda akasarinsu aka ɗauko daga wasu ƙungiyoyin gasar, da 'yan tsakiya da 'yan gefe 'yan asalin Kano, sai kuma gaba wadda ta fi ko'ina yiwuwar sauyawa.

Alamu uku ne za su nuna ko ƙungiyar za ta nemi kofi ko kuwa za ta yi fafutukar tsira: lokacin da aka tabbatar da mai horarwa, da lokacin da kuɗin sayen 'yan wasa ya fito, da kuma yawan matasan da aka bai wa kwantiragin shekara uku zuwa sama.

Magoya bayan Sai Masu Gida ba su da iko a kan ko ɗaya daga cikin ukun. Abin da ke hannunsu shi ne na huɗu, wato tabbatar da cewa wasannin gida 19 duk an buga su a Ƙofar Mata.