Tsohon Gari Na Masu Shi Ne: Abin Da Ya Faru A Fenghuang Ta Ƙasar Sin

A yammacin jihar Hunan ta ƙasar Sin, can cikin duwatsu, akwai wani tsohon gari mai suna Fenghuang, wanda gulbin Tuojiang ya ratsa. Sunan na wani tsuntsu ne na cikin tatsuniyoyin mutanen ƙasar. Garin yana cikin yankin Xiangxi, wanda tun shekarar 1957 aka ba shi matsayin yanki mai tafiyar da al'amuransa da kansa saboda ƙabilun Tujia da Miao da ke zaune a ciki. Jama'a masu yawan gaske suna kai ziyara wurin kowace shekara, kuma abin da ya faru tsakanin hukumar garin da mazaunansa ya isa a tsaya a duba shi da idon basira.

Baƙon da ya sauka Fenghuang, abin da zai fara gani shi ne gidajen katako jere a bakin gulbi, gabansu na kan tudu, bayansu na tsaye bisa dogayen turaku da aka kafa a gefen ruwa. Zai ga ganuwa ta jan dutse wadda aka gina a shekarar 1715, da gada mai rufi da ake kira Bakan Gizo, da jerin duwatsun da mutane suke takawa su ƙetare ruwa. A cikin lunguna ana jan alewar citta, ana sayar da kayan azurfa na matan Miao da saƙar hannu ta matan Tujia. Akwai kuma gidan da aka haifi marubucin nan Shen Congwen a shekarar 1902, wanda kakarsa ƴar Miao ce, mahaifiyarsa kuma ƴar Tujia. Littattafansa ne suka sanar da duniya zaman mutanen wannan yanki. Ya rasu a 1988, kabarinsa yana nan kusa da gulbin.

Amma wannan kyan gani yana da tarihi mai ɗaci a bayansa. Asalin Fenghuang sansanin soja ne. Wajen shekarar 1615 sarakunan daular Ming suka sa aka gina wata doguwar ganuwa mai kimanin kilomita 190 domin su tsare ƴan Miao da ba su miƙa wuya ba a cikin duwatsunsu. A shekarar 1795 ƴan Miao suka yi tawaye saboda ƙwace masu gonaki da ake yi, aka murƙushe su da ƙarfin makami. Mutanen da aka gina garin domin tsare su, yau adonsu da waƙoƙinsu suna cikin abin da ke jawo baƙi. Don haka haƙƙinsu ne a ji ta bakinsu kan yadda ake tafiyar da shi.

A shekarar 2001 gwamnatin Sin ta sa Fenghuang cikin jerin garuruwan tarihi na ƙasa. A wannan shekara kuma hukumar gunduma ta ba wani kamfani hayar wuraren ziyara 8 na tsawon shekara 50. Baƙi suka ƙaru, kuɗi suka shigo, masu gidaje suka mai da ɗakunansu masauki, masu jiragen ruwa suka sami abin yi. Shiga gari kyauta ne a lokacin. Sai wanda zai shiga ɗaya daga cikin wuraren nan ne yake biya.

Ran 10 ga watan Afirilu na 2013 aka sauya tsari. Aka ce duk baƙon da zai taka cikin tsohon gari sai ya biya yuwan 148, wato kusan jika 12 na kuɗin sefa a canjin lokacin, ko da alewa kawai ya zo saye. Aka tsai da masu binciken takarda a ƙofofi. Kashegari masu kantuna da masu masauki da yawa suka rufe ƙofofinsu, suka taru a bakin gulbi suna kuka da wannan doka, har ƴan sanda suka fito. Kukansu a fili yake: baƙon da ya zube kuɗinsa a ƙofa ba ya da sauran abin kashewa a kanti, wani kuma ya fasa zuwa ɗungum. An yafe wa ƴan gari biya, amma mutum ya gayyato abokinsa gida sai an yi ta bayani a bakin ƙofa. Shekara uku aka yi a haka. Ran 10 ga Afirilu na 2016 hukuma ta soke kuɗin shiga gari, aka koma biyan kuɗi a wuraren ziyara kaɗai.

Masu goyon bayan dokar suna da hujja, kuma adalci ne a faɗe ta. Gyaran tsohon gini yana cin kuɗi. Katako yana ruɓewa, wuta na iya tashi, shara tana taruwa, gulbi yana ƙazanta. A watan Yuli na 2014 ruwa ya yi ambaliya, ya shiga gidaje da kantuna, ya tafi da wata gada mai rufi, aka kwashe dubban mutane. Wanda ya zo kallo ya kamata ya ba da nasa taimako. Inda aka kuskure shi ne yanke shawara daga sama ba tare da an zauna da masu sana'a ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an tambayi mai tuƙa jirgi da mai jan alewa, da sun faɗi tun farko abin da hukuma ta ɗauki shekara uku kafin ta gane.

Bugu da ƙari, akwai asarar da ba ta yin ƙara kamar rufe kantuna. In haya ta yi tsada, ƴan gari sukan ba da gidajensu ga ƴan kasuwa su koma sabuwar unguwa. Da dare bakin gulbi yana cika da fitilu da kiɗan mashaya. Ƴan mata baƙi suna hayar tufafin Miao da hulunan da suka yi kama da azurfa, a ɗauke su hoto, su tuɓe su mayar, alhali maƙerin da ke ƙera azurfa ta gaskiya da matar da ke kwashe watanni tana ɗinkin riga ɗaya suna can ƙauye. Ƴan Tujia sun fi miliyan 8, amma masu jin harshensu ƴan kaɗan ne, yawancinsu tsofaffi. Kuɗin ƙofa ba su hana wannan. Abin da ke hana shi shi ne a bar masu gari cikin garinsu, sana'arsu tana ciyar da su, ƴaƴansu suna ganin amfanin gadonta. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Tun da jirgin ƙasa mai sauri ya iso yankin a ƙarshen 2021, baƙon kan iya zuwa da safe ya koma da maraice.

Wannan magana ta shafi Nijar kai tsaye. Fenghuang ta shiga jerin wuraren da ke jiran hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya a shekarar 2008. Birnin Damagaram da fadar sarkinsa suna cikin wannan jeri tun 2006, tsohon garin Agadas kuwa an amince da shi a 2013. Gidan ƙasa ya fi na katako bukatar mai shi, don in ba a yi masa yaɓe kafin damina ba, faɗuwa zai yi. Saboda haka duk ranar da magabata za su tsara karɓar kuɗi daga baƙi a waɗannan wurare, ya kamata su fara kiran masu unguwanni da magina da dukawa da maƙera su zauna tare, a bayyana wa jama'a nawa aka samu da inda aka kashe, a kuma ware kaso domin gyaran gidajen da mutane ke kwana a ciki.