Sharhi: Hanya Ta Biyu Ga Na'urorin Ruwa Da Wutar Lantarki

Jama'a da dama za su iya tuna ranar 14 ga watan Maris na shekarar 2024, lokacin da manyan wayoyin sadarwa huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar tekun Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni a Nijeriya, aikin bankuna ya samu tsaiko, har mai sana'ar POS a kasuwar ƙauye ya ji a jikinsa. Wayoyi huɗu ne, amma duk ta yanki guda suka bi, don haka masifa ɗaya ta haɗa su.

Wannan darasi ya shafi abin da ke kusa da mu. A yau matatar ruwa da tashar rarraba wutar lantarki suna aiki ne da ƙananan kwamfutoci masu buɗe famfo da auna matsin ruwa da katse wuta idan an samu matsala. Abin da ke haɗa su shi ne wani akwati da injiniyoyi ke kira suwic, mai rarraba saƙonni bisa tsarin Ethernet. Idan waya guda ta tsinke, ɗakin kula ya makance. Shi ya sa ake jera akwatunan kamar zobe, saƙo ya sami hanya biyu.

Sai dai zobe yana da nasa haɗarin: saƙo kan yi ta kewayawa ba tsayawa har ya toshe layin baki ɗaya. Wata injiniya Ba'amurkiya, Radia Perlman, ta warware wannan a 1985 da ƙa'idar STP, wadda ke rufe hanya ɗaya ta ajiye ta, sai ta buɗe ta ranar da ɗayar ta mutu. Amma tana ɗaukar sakan 30 zuwa 50 kafin ta farfaɗo. A ofis wannan ba komai ba ne. Ga injin da ke tura ruwa da ƙarfi, lokaci ne mai tsawo. A 2001 aka fito da RSTP, wadda ta rage jiran ƙwarai. Daga baya hukumar IEC ta tsara MRP domin zoben masana'antu mai akwatuna har 50, inda hanya kan dawo cikin rabin sakan ko ƙasa da haka. Akwai kuma PRP da HSR, waɗanda ke aika kowane saƙo ta hanyoyi biyu a lokaci guda, a karɓi wanda ya fara isowa a jefar da ɗayan. A nan babu jira ko kaɗan, amma kuɗinsu ya fi yawa, kuma tashoshin lantarki ne suka fi bukatarsu.

A ganinmu, jami'in da zai sa hannu a takardar kwangila ba sai ya zama injiniya ba. Ya isa ya tambayi ɗan kwangila tsawon lokacin da aikin zai jure shiru, domin amsar ce ke zaɓar ƙa'ida. Rijiyar burtsatse ba ta bukatar PRP, kuma sayen ta a can almubazzaranci ne. Haka nan wasu kamfanoni suna da nasu tsarin zobe, irin su Turbo Ring na Moxa. Suna da sauri, amma wanda ya ɗauke su ya ɗaure kansa da kayan kamfani ɗaya duk ranar da akwati ya ƙone.

Abin da ya fi damunmu dai shi ne rami. Sau da yawa, domin rage kuɗin haƙa, akan binne wayoyin faiba biyu na zobe a rami guda a gefen titi. A takarda hanya biyu ce, amma katafila ɗaya mai aikin kwalbati za ta datse su tare. Wajibi ne taswirar aiki ta nuna inda kowace waya ta bi, kuma masu unguwanni su san wuraren domin su faɗakar da masu haƙa.

Har ila yau, zoben da ya tsinke a wuri ɗaya yakan ci gaba da aiki lafiya lau, babu wanda zai lura sai ranar da waje na biyu ya tsinke. Saboda haka a sa ƙararrawar da za ta sanar da ɗakin kula tun tsinkewar farko. A ranar karɓar aiki kuma, kafin a biya kuɗin ƙarshe, jami'i ya sa a zare waya ɗaya a gaban idonsa, ya duba ko famfo ya tsaya.