Lambu Cikin Bokiti: Mu Gwada, Amma Kada Mu Jefar da Fartanya

Duk wanda ya taɓa yin rani a makarantar nan ya san yadda miyarmu take komawa da zarar watan Maris ya kama. Ruwan rijiya ya ja baya, alayyafon lambu ya bushe, sai kuka da busasshiyar kuɓewa har ruwan farko ya sauka. A ɗakin sujada ma, furannin da Zumuntar Mata ke jerawa ran Lahadi sai su koma na roba. Wannan ne ya jawo doguwar gardama a Ƙungiyar Matasa Manoma a kan noman da ake yi cikin ruwa ba tare da ƙasa ba, wanda Turawa ke kira haidirofonik. Wasu sun ce makaranta ta sayi injuna da fitilu, ta mai da tsohon sito ɗakin noma. Wasu kuma sun ce wasan yara ne, har ma akwai masu ganin shisshigi ne ga aikin Allah. A ganina duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya, ga kuma dalilaina.

Da farko, bari mu tuna da abin da muka koya a darasin kimiyya. Tsiro ba ya cin ƙasa. Abin da yake bukata shi ne haske, iska, ruwa, wurin jingina, da sinadarai guda 17. Uku daga cikinsu yana samu daga iska da ruwa. Sauran 14, irin su naitirojin, fosfaras, fotashiyam, kalsiyam, magnesiyam, farar wuta da ƙarfe, saiwa ce ke zuƙo su bayan sun narke cikin ruwa. Ashe ke nan ƙasa rumbu ce da ke ajiye wa tsiro abincinsa, tana kuma riƙe shi kada ya faɗi. In mutum ya narkar da abincin nan daidai gwargwado cikin bokiti, ya ba tsiron abin da zai tsaya a kai, to, zai girma.

Ba yau aka gano haka ba. Tun a 1699 wani Bature ɗan Ingila mai suna John Woodward ya shuka na'ana'a cikin ruwa iri iri, ya ga ta fi girma a ruwan da ya gauraya da ƙasa. Wajen 1860 wasu masana biyu na Jamus, Julius von Sachs da Wilhelm Knop, suka haɗa ruwan sinadarai da ke raya tsiro ba tare da ƙasa ba. A 1929 William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya fara kiran manoma su ɗauki dabarar, har ya noma tumatir mai tsawon ƙafa 25. A 1937 ne aka raɗa mata sunan da aka san ta da shi, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ruwa da aiki. A 1945 sojojin Amurka sun noma ganye ta wannan hanya a tsibirin Asenshon, inda ƙasar duk duwatsu ce. A 2015 'yan sama jannati sun ci latas ɗin da suka shuka a tashar sararin samaniya, a 2016 kuma furen ziniya ya buɗe a can.

Saboda haka, ga 'yan'uwana masu tsoron shisshigi, ina tuna muku cewa Littafin Farawa sura 2 ya nuna mana aikin farko da aka danƙa wa mutum shi ne noman lambu da lura da shi. Wanda ya halicci ƙasa shi ne ya halicci ruwa da sinadaran da ke cikinta. Mai bokiti bai ƙago rai ba. Iri yake shukawa ya jira, kamar yadda mai garma yake yi.

Amma masu cewa a sayi injuna da fitilu su ma su dakata. Tsiron da aka rufe cikin ɗaki marar rana yana bukatar hasken fitila na sa'a 12 zuwa 16 kowace rana. A tsarin da Allen Cooper ya ƙago a Ingila cikin shekarun 1960, inda ɗan siririn ruwa ke gudana ƙarƙashin saiwoyi cikin bututu, in famfo ya tsaya na 'yan sa'o'i a lokacin zafi, saiwoyin sun bushe ke nan. Wa a cikinmu bai san halin wutar lantarkinmu ba? Ko a ƙasar da wuta ba ta cika ɗaukewa ba abin bai zo da sauƙi ba. Kamfanin AeroFarms na Amurka, wanda ya yi suna wajen noman ganye ƙarƙashin fitilu, ya kai kansa kotu saboda karayar arziki a 2023, takwaransa Bowery kuma ya rufe a 2024. Tsadar gini, wuta da albashi ta fi ƙarfin kuɗin ganyen da suke sayarwa. To, mu da Allah ya ba rana kyauta, me zai kai mu mu shige ɗaki mu kunna janareta don latas?

Har wa yau, kada a ruɗe mu da cewa wannan noma zai maye gurbin gona. Tun a 1938 Dennis Hoagland da Daniel Arnon, waɗanda su ma masana ne a Kalifoniya, sun nuna cewa amfanin da ake samu cikin ruwa bai wuce na ƙasa mai kyau ba in an ba su kulawa ɗaya. Ganye, tumatir, tattasai, kokwamba da furanni su ne suka dace da shi. Dawa, gero da masarar da ke cika mana ciki suna nan a hannun gona. Na duƙe tsohon ciniki ne, ba zai tashi don bokiti ba.

Abin da nake ba da shawara shi ne hanyar da Bernard Kratky na Jami'ar Hawai ya bayyana, wadda ba ta bukatar famfo ko wuta. A sami bokiti ko jarka mai murfi, a naɗe ta da buhu don haske kada ya shiga, ruwan kuma kada ya yi zafi. A huda murfin, a zura ƙaramin kofin roba mai huji, a zuba masa wankakkiyar tsakuwa, a dasa tsiron a ciki. A cika bokitin da ruwan sinadarai har ya taɓa gindin kofin. Yayin da tsiron ke sha, ruwan zai riƙa sauka, ya bar sarari mai danshi a sama. Saiwoyin sama su shaƙi iska, na ƙasa su sha ruwa. Latas ɗaya yana bukatar kamar lita 4, kuma cikin mako 5 bayan dashe ya isa cirewa. Barandar ɗakin kimiyya, inda rana ke faɗawa da safe, ta wadatar. Latas ba ya son zafi, yana yin ɗaci, don haka a yi shi da hunturu. In bazara ta zo a koma alayyafo, na'ana'a da ziniya.

Akwai abubuwa huɗu da za a kiyaye. Na ɗaya, kada a sake cika bokiti har baki bayan ruwa ya sauka. Ni kaina na yi wannan kuskure a gwajina na farko, ina tsammani taimakon tsiron nake yi, ashe saiwoyin da ke shaƙar iska na nutsar. Kafin kwana uku ya yi yaushi. Na biyu, takin zamani na gona shi kaɗai bai isa ba, domin yawanci ba ya ɗauke da isasshen kalsiyam, magnesiyam da ƙarfe, yuriya kuwa ba ta dace da wannan aiki ba. Sai an nemi takin da aka haɗa musamman. Na uku, ma'aunin tsamin ruwan ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5, wanda malamin kimiyya zai nuna mana yadda ake dubawa da takardar gwaji. Na huɗu, a rufe murfi ruf. Bokitin da aka bari a buɗe gidan sauro ne da gansakuka, ba ma so mu nemi miya mu samo zazzaɓi.

Wani zai ce, bokiti nawa za su cika tukunyar ɗalibai duka? Gaskiya ne, ba za su cika ba. Ribar da nake hangowa ta ilimi ce. Mu faɗa wa kanmu gaskiya: da yawa daga cikinmu mun ɗauki noma horo ne, domin mai laifi ake miƙa wa fartanya. Ɗalibin da ya auna sinadari da hannunsa, ya ɗaga murfi ya ga fararen saiwoyi, ya rubuta girman tsiro kowane mako, zai koma gona da wani ido dabam. Zai gane dalilin da ganye ke yin rawaya, da abin da taki ke yi a ƙasa. Wannan ilimi yana da amfani a ƙasarmu, domin cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana amfani da irin waɗannan dabaru wajen yawaita irin doya da rogo marasa cuta. Ban da haka, yawancinmu birni za mu zauna, a gidan haya inda ko taku ɗaya na ƙasa ba namu ba ne. Gwauruwa ko tsohon da ya daina iya sunkuyawa zai iya kula da bokiti biyar a ƙofar ɗakinsa, in ɗan Ikilisiya ya koya masa.

Don haka ina roƙon Shugaban Makaranta da Ƙungiyar Iyaye da Malamai su ba kowane aji bokiti biyar, iri da taki, da littafin rubuta sakamako. In ya yi kyau, a ƙara baɗi. In ya lalace, asarar ba ta taka kara ta karya ba, kuma mun koyi wani abu. Gonar makaranta kuwa ta ci gaba yadda take, ran Asabar kowa ya fito da fartanyarsa. Ina sa zuciya kafin Ista mai zuwa mu ga furen da hannuwanmu suka raina a gaban ɗakin sujada.

Allah ya sa wa aikinmu albarka. Amin.