Niyok Ba Bangon Duniya Ba Ce

Sau da yawa in yarinya ta sami gurbin karatu a Amurka, sai ki ji iyaye mata sun ɗora hannu a ka, wai za a kai musu 'ya bangon duniya. To, yau bari mu auna nisan nan da lissafi, mu gani.

Masu zuwa Amurka daga nan da dama sukan bi ta Landan. Daga Landan zuwa Niyok ta sama mil 3,450 ne, watau kamar kilomita 5,550. Wadda ta taɓa zuwa Hajji ta tuna, daga Kano zuwa Jidda kamar kilomita 3,400 ne. Kun ga ashe tsallaken Tekun Atlantika bai kai ninki biyu na tafiyar da kakanninmu mata ke yi kowace shekara ba.

Amma ga abin mamaki. In kin dubi taswirar da ke rataye a aji, sai ki zaci jirgi zai miƙe yamma sak. Ba haka yake yi ba. Yakan karkata arewa, ya bi ta kan Ayalan, ya ɓullo ta gabashin Kanada, kana ya gangaro. Ba ɓata ya yi ba, duniya ce ƙwallo. Samo lemo da zare, ki sa ɗigo biyu a wajen samansa, ki ja zaren tsakaninsu ya yi tauri. Za ki ga ya lanƙwasa ya nufi kan lemon. Wannan ita ce gajeriyar hanya. Ku gwada wa yaranku, ya fi bayani da baki.

Zuwa yakan ci awa 8, komowa kamar awa 7, don akwai wata iska mai ƙarfi can sama da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa yana kokawa da ita, mai dawowa tana tura shi.

Masu cewa mace ba ta iya wannan tafiya, ga labari. A watan Mayu 1932 wata Ba'amurkiya, Amelia Earhart, ta tashi ita kaɗai cikin ƙaramin jirgi daga tsibirin Newfoundland, wanda yanzu ke cikin Kanada. Na'urar auna tsawo ta lalace, mai yana yoyo, ga ƙanƙara. Faris ta nufa, amma bayan kusan awa 15 sai ta sauka a makiyayar wani manomi a arewacin Ayalan. 'Yarki kuwa kujera za a ba ta, har da abinci.

Abin da zai ɗaure miki kai shi ne agogo. Muna gaban Niyok da awa 5, in sanyinsu ya shigo ya zama 6. Saboda haka kada ki idar da sallar Asuba ki ɗauki waya, sa'an nan ki tayar da hankalin gida wai ba ta amsa ba. Can tsakar dare ne, barci take yi. Jira sai bayan Azahar.