Jitar Mdou Moctar da abin da sutudiyoyinmu na Sakkwato suka bari ya kuɓuce

Mai karatu, in ka taɓa cin karo da Mdou Moctar, mai yiwuwa a intanet ne: dogon Buzu da rawani, riƙe da jita ta hannun hagu, gaban dubban Turawa suna ihu. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, kundinsa na farko mai suna Anar a nan garin Sakkwato aka naɗe shi, a shekarar 2008. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan jihar Tawa ne a Jamhuriyar Nijar, kuma da harshen Tamashek yake waƙa.

Wanda ya saurari Anar zai gane gida nan take. Gangar kwamfuta ce, da muryar da aka matse da na'ura, irin ta waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci. Waƙoƙin sun yi ta yawo daga waya zuwa waya, ta memori da Bluetooth, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji ɗaya daga ciki, "Tahoultine", ya saka ta a wani kundin da ya tattara na waƙoƙin wayoyin mutanen Sahara. Ya nemi mai waƙar har ya same shi, daga baya ya kai masa jita irin ta bahago. To, daga nan labari ya canza. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da kundinsa Afrique Victime, a 2024 kuma Funeral for Justice.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: Sakkwato ta buɗe masa ƙofa, amma abin da ya kai shi duniya yatsunsa ne. Kuma wannan yatsu su ne abin da matasanmu masu son waƙa suka yi watsi da shi.

Don Allah ka sa abin ji a kunne, ka saurari waƙar "Afrique Victime" ɗin kanta, minti bakwai da ɗoriya. Ka lura ba ya amfani da ɗan robar nan da makaɗan jita ke kaɗa tsirkiya da shi. Da yatsa yake fizgarta. Yana barin tsirkiya ɗaya tana ta gunji a ƙasa, sauran yatsun kuma suna gudu a sama, wani sauti na bin wani ba tsayawa. Tun ana tafiya a hankali, kiɗan yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan, kafin ka ankara ya zama sukuwa. Jitarsa ƙirar Fender Stratocaster ce, mai murya siririya mai kaifi, kuma idan ya ƙure amfilifaya sai sautin ya tsage, ya yi kuka kamar ƙarfe a hannun maƙeri. Wannan tsagewar da gangan ce. A jikin jitar lantarki akwai maganaɗisu da ke ɗaukar rawar tsirkiya ya mayar da ita wuta, amfilifaya ta kumbura ta, in aka tura mata fiye da ƙima sai ta yi wannan gurnani. Kowa na iya ƙure na'ura. Sarrafa gurnanin har ya zama magana, nan ne ake gane gwani.

In kana son ka ji yadda wani gwanin ya sarrafa gurnani iri ɗaya a can wata uwa duniya, nemi Akira Takasaki, ɗan birnin Osaka na ƙasar Japan, wanda aka haifa a 1961. Shi ne makaɗin jitar ƙungiyar Loudness, masu kiɗan nan mai nauyi da ake kira "heavy metal". Ya fara ne a wata ƙungiya mai suna Lazy, inda kamfani ya riƙa tura su yin waƙoƙin samari masu laushi saboda su ke shiga kasuwa. Bai gamsu ba. A 1981 shi da mai gangarsa Munetaka Higuchi suka kafa Loudness, a 1985 kundinsu Thunder in the East ya kai lamba 74 a jerin Billboard na Amurka, abin da ba a saba gani ba ga mawaƙan Japan. Ka saurari "Crazy Nights". Sautinsa mai kauri ne, a matse, kowane bugu a yanke tsaf kamar ɗinkin tela. Yakan ɗora yatsun hannu biyu a wuyan jitar yana ƙwanƙwasa tsirkiya, amma duk saurinsa ba ka rasa sauti ko ɗaya. Mdou kamar guguwa yake, Takasaki kamar injin da aka saita. Daƙiƙa goma ta isa ka bambance su ido rufe.

Yanzu ka gwada wannan gwajin a gida. Ka zauna a kowace majalisar shayi a Mabera, ko shagon masu tura waƙa a waya, a kunna sababbin waƙoƙin yaranmu guda biyar a jere, a cire murya a bar kiɗa. Wa zai iya cewa wannan na wane ne? Fiyano ɗaya, ganga ɗaya, sautukan da aka sauko da su daga wuri ɗaya. Yaran suna da baitoci, wasu ma har da murya mai daɗi, amma kiɗan ba na kowa ba ne.

Abin haushin, mu ba baƙin tsirkiya ba ne. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak ya zaga duniya. Haruna Uji da gurmi, Kassu Zurmi da garaya, Hassan Wayam da Ahmadu Doka da kukuma, kowannensu kafin ya buɗe baki an san shi ne. Abin da Turawa ke biyan kuɗi su ji a wajen Mdou, jikan wannan gado ne aka jona wa lantarki.

Na san abin da za ka ce. Jita da amfilifaya tsada, wuta kuma sai an ga dama. Gaskiya ne. Amma Mdou jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Gurmi kuwa ba ya neman caji. Za ka ce a gida ba za a yarda ba, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a garin Shehu. Shi ma Mdou gidan da ya tashi ba su so kiɗa ba. Ban ce ka saɓa wa iyaye ba, kuma wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya saboda fahimtarsa ta addini ina girmama shi. Maganata da wanda ya riga ya shiga harkar ce, yana biyan kuɗin sutudiyo duk wata. In dai za ka yi, me zai sa ka tsaya a abin da kwamfuta za ta yi wa kowa? Yanzu ma ga manhajoji sun fara haɗa waƙa sukutum, kiɗa da murya, cikin minti ɗaya. Wanda duk jarinsa danna maɓalli ne, wallahi shi za a fara sallama.

Saboda haka ga shawara. Kai mai sutudiyo, ka ajiye jita ko da guda ɗaya ce, ka riƙa gayyato masu garaya da kukuma da suka rage su zauna gaban makirfo, ka biya su haƙƙinsu. Kai kuma matashi, da ke 'yar'uwa mai sha'awa, ku zaɓi abin kiɗa ɗaya ku ba shi awa guda kullum. Watannin farko yatsa zai yi kanta, maƙwabta za su yi dariya, ba komai. Darussa suna nan kyauta a YouTube, tsofaffin makaɗa kuma suna nan a ƙauyukanmu, da yawansu ba wanda ya je ya ce su koya masa.

A 2008 wani yaro ya tsallako iyaka ya zo Sakkwato neman inda zai naɗi waƙa, mun ba shi abin da muke da shi a lokacin. In irinsa ya sake zuwa bana, ya kamata ya tarar da wanda zai ɗauki jita ya amsa masa. Allah ya sa daga Mabera zai fito.